Abin da Ba Wanda Ya Shuka

Watan da ya wuce wani direban tirela ɗan garinmu ya kawo mini saƙo daga gida: ƙullin daddawa, barkono, da 'yar leda ta busasshen karkashi wadda ba ta kai rabin abin da Goggo ta saba aiko mana ba. Uwargida ta juya ledar a hannu ta ce, "Bana kuma Goggo rowa ta koya?" Muna cikin dariya sai 'yar autarmu, wadda aka haifa a nan Sabo kuma ba ta taɓa wuce Ilori ba, ta tambaye ni wai bishiyar karkashi ta kai ta mangwaro girma? Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ashe ni ma sai na yi lalube a kaina kafin in tuna kamannin furensa. Shekara 23 ina shan miyarsa a Badun, ban taɓa tambayar yadda yake ciki a can inda yake fitowa ba.

Da dare na kira Goggo in yi godiya, na ɗan tsokane ta da maganar rowa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗana, babu shi ne. Da a bayan gida nake tsinka. Wannan da ka gani sai da na aiki yara har bakin tsohon burtali. Feshi ya cinye."

Bari in ɗan yi bayani saboda yaranmu na nan, waɗanda a wurinsu karkashi wani koren gari ne a leda. Ba bishiya ba ce. Tsiro ne na damina ɗaya: ruwan farko ya tashe shi, ya yi ganye, ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya, kaka na yi ya bushe ya mutu. Irinsa ne kaɗai ke kwana a ƙasa duk tsawon rani yana jiran wata daminar. Yana son jigawa, ƙasa mai rairayi, shi ya sa ake ganinsa a saura, a makiyaya, a gefen hanyar shanu da tsakanin kunyoyin gero. Furensa kamar bakin 'yar ƙaramar algaita yake, bai fi gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, leɓensa na ƙasa ya ɗan zazzago, da zane-zane masu duhu a cikin maƙogwaro. Ɗan uwan riɗi ne na jini, sai dai ƙwansonsa yana da 'yan ƙahoni a ka. Saboda ƙahonin nan ne wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Stephan Endlicher, ya raɗa masa suna Ceratotheca sesamoides a 1832, wato mai kube mai ƙaho, mai kama da riɗi. A 2018 wasu masanan suka mayar da shi cikin gidan riɗi gaba ɗaya. Sakkwatawa da mutanen Nijar yauɗo suke ce masa, Yarbawan da muke zaune da su suna kiransa eku, kuma ya bazu tun daga Senegal har gabashi da kudancin Afirka. Ba daga wata ƙasa aka kawo mana shi ba, kamar yadda aka kawo masara da rogo da tumatir. A nan kakanninmu suka tarar da shi.

Abin da na tuna da na zauna na natsu shi ne, karkashi ba kama ɗaya gare shi ba. Akwai mai yaɗo, wanda ke kwanciya ya shimfiɗa rassa a ƙasa kamar tabarma, akwai mai miƙewa ya kai ƙugun mutum. Akwai mai fure ruwan hoda, akwai wanda ya koɗe ya kusa zama fari, akwai mai shunayya sosai. 'Ya'yan wani baƙi wuluk, na wani ja-ja. Ko a jikin tsiro guda, ganyen gindi faffaɗa ne mai haƙora, na sama siriri. Har da wani ɗan uwansa mai tsayi da mu ke haɗawa mu kira karkashi, alhali masana suna lissafa shi daban, ga kuma riɗin barewa can gefe. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma idan ta duƙa a saura takan tsallake wani ta tsinki wani, ta ce wannan ya fi yauƙi, wancan na wanke kai ne, wancan kuma a bar shi ya riga ya ɗauki fure.

In ka tambaye ta wanne ne karkashin asali, dubanka za ta yi kamar ka zare. Kuma tana da gaskiya. Masani ya tsinki guda ɗaya ya busar a takarda ya sa masa suna, amma wanda ya tsinka bai fi sauran zama karkashi ba, hannunsa ne kawai ya faɗa kansa. Wani sashe na bambancin nan daga wuri yake, don tsiron da ya fito a kan hanyar da ake tattakewa dole ya kwanta. Wani sashen kuwa a cikin iri yake, gado ne, kuma shi ne ya riƙe tsiron har ya iso zamaninmu. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, mai saurin fure ne ke samun zubar da 'ya'ya. Shekarar da damina ta yi tsawo, mai jinkiri ne ke cika ƙasa da iri. Irin ma ba duka ke tashi lokaci guda ba, wani yakan yi kwanciyarsa ya bar wa baɗi. Da a ce duk hali ɗaya gare su, da fari ɗaya irin na 1973 ko na 1984 ya isa ya share su daga yanki guda. Tsofaffin da suka ga waɗannan shekaru za su gaya maka abin da ya tsaya wa talaka sa'ad da rumbu ya zama fayau: tafasa, gasaya, lalo, zaƙi-banza, yaɗiya, karkashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, in ji Hausawa. A waɗannan shekarun tuwon ne ya ƙare, miyar ta riƙe mutane.

To, wannan abu ne Goggo ta ce feshi ya cinye. Kuma inda maganar ta tsaya mini a wuya shi ne, ni na sayi abin feshin. Shekara huɗu da suka wuce Yaya, wanda ke riƙe da gonar gidanmu, ya kira ni ya ce kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, ko da kuɗin ma babu masu yi. Na tura masa kuɗin famfon goyo da na magani, kuma kowace damina ina turawa. Har alfahari nake yi da abin a raina, ga ni a kudu amma ban bar gida ba.

Washegari na kira shi. Na fara kewaye-kewaye, ya katse ni. "Malam, faɗi abin da ke bakinka." Na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka dawo ka kama fartanya mana. Kai kana can, Ɗanladi yana Legas yana acaɓa, yaran Baffa duk sun tafi. Ni kaɗai da gwiwar nan tawa zan nome gonar da mu bakwai muke nomewa? Gonata ce ko ba gonata ba? Gero na shuka ko karkashi?"

Ban sami abin ce masa ba a lokacin, kuma har yanzu ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ciyawa tana cinye amfanin gona, wannan ba zance ba ne. Manomin da ya makara da noman farko ya san abin da zai tarar a kaka. Hannayen da za su yi noman kuwa mu ne, mu da muka cika Sabo da Ojoo da Agege da sauran zangon kudu. Duk wanda zai zauna a inuwar shago a Mokola ya ce wa manomi kada ya yi feshi, sai ya fara faɗin wanda zai duƙa a madadinsa.

Amma akwai abin da fartanya ke yi wanda famfo ba ya yi, kuma ban lura da shi ba sai yanzu. Mai noma da hannu yana ganin abin da yake sara. Ina tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yana tafe a kunya, ya zo kan karkashi ko lalo sai ya karkatar da fartanya ya kewaye shi ya wuce, ko tsayawa ba ya yi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa kiran abin da suna. Idan na sare ɗaya bisa kuskure yakan ce, "Kai, miyar uwarka ce ka kashe." Maganin da ake fesawa kafin shuka, irin su gilaifoset, duk koren da ya taɓa ya tafi, wani kuma ana zuba shi ne don ya hana irin da ke ƙasa tashi. Shekara ɗaya ba komai, akwai ajiya a ƙasa. Amma tsiro ne na damina ɗaya, ba shi da saiwar da za ta jira shi. In aka hana shi zubar da 'ya'ya bana, aka hana shi baɗi, aka hana shi baɗin baɗaɗa, ajiyar ƙarewa take yi. Sauran wuraren da zai fake, wato saura da burtali da makiyaya, su ma gonaki suna ta cinye su, don mutane sun yi yawa, ba mai iya barin gona ta huta.

Tambayar da nake so mu duba tare ke nan, jama'a. Mutum ya yi abin da yake halal gare shi, a cikin gonarsa, da kuɗinsa, don ya ciyar da iyalinsa. Maƙwabcinsa ya yi haka, na gaba da shi ma haka. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ci iyaka. Amma da aka tara ayyukan nan wuri guda, sai ga wata tsohuwa ta rasa abin da take tsinka tun tana budurwa. An cuce ta ko ba a cuce ta ba? In an cuce ta, wa ya cuce ta?

Amsa mai sauƙi ita ce ba wanda ya cuce ta, tunda abin ba nata ba ne, ba ita ta shuka ba, ba a gonarta yake ba. Na daɗe ina juya wannan amsar, ban gamsu ba. Don in mun ce abin da ba wanda ya shuka ba na kowa ba ne, to mun manta yadda iyayenmu suka zauna da shi. A karkara kowa ya san amfanin gona na mai gona ne, amma ganyen da ya fito da kansa, mace za ta shiga ta tsinka ba tare da an ce ta yi sata ba, muddin ba ta taka shuka ba. Bayan girbi akwai kala, marar gona ya bi ya tsinci abin da ya zuba. Akwai hurumi, filin da gari ya keɓe ba a nomawa. Malamanmu ma suna karantar da cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawar kiwo da wuta, kuma malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin filin da mai shi ya killace da wanda ya bari a sake. Duk wannan yana nuna abu guda: mallakar gona ba ta taɓa nufin mallakar duk abin da Allah ya fitar a cikinta ba. Akwai rabon da aka bar wa wanda ba shi da komai, kuma mafi yawan masu cin rabon nan mata ne, zawarawa da tsofaffi da matan da kuɗin cefane bai ishe su ba. Ba a rubuta haƙƙin a takarda ba saboda ba a taɓa zaton akwai ranar da mutum ɗaya da famfo a baya zai iya shafe shi kafin azahar ba.

Sai dai ba zan ce Yaya azzalumi ne ba, kuma ba don yayana ne ba. Zalunci yana da mai yi da wanda aka yi wa, ana iya kai su gaban alƙali. Wannan kuwa ɓarna ce da aka raba ta ƙanana-ƙanana har kason kowa ya zama kamar ba komai. Irin ta ta fi wuyar magani, don kowa yana da hujja, kuma hujjar tasa gaskiya ce. A ganina nauyin yana kan duk wanda ya ci moriyar abin, gwargwadon ikonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sha miyar abin da bai shuka ba, bashin da ke kansa shi ne ya bar wa abin hanyar dawowa. Goggo tana biyan nata bashin tun da can, shi ya sa ba ta tumɓuke tsiro, kai take tsinka ya sake toho, kuma ba ta taɓa wanda ya ɗauki fure. Baba ya biya nasa da karkatar da fartanya. Ni ne na sha shekara 23 ban biya komai ba, ƙarshe ma na aika da kuɗin magani.

Wani abokina mai sayar da hatsi a Bodija, da na kawo masa maganar, ya ce ai abin bai kai nan ba. In karkashi yana da kasuwa a noma shi mana, kamar yadda Yarbawa ke noman ewedu a bakin rafi. Kuma lallai yana da kasuwa. Mutanen Barno da Bauci da Gwambe ba sa wasa da miyarsa, matanmu sun daɗe suna wanke kai da shi, yanzu har ƙasashen Turawa ake sayar da busasshen ganyen a matsayin kayan gyaran gashi, da sunan ambunu da aka ɗauko daga Cadi. Akwai ma wuraren da an riga an fara shuka shi. Ban ƙi ba, alheri ne. Amma duk manomi zaɓe yake yi. Zai ɗebi irin mai faɗin ganye, mai jinkirin fure, mai yawan yauƙi, ya watsar da sauran, in shekara ta yi shekara duk gonakin su zama iri ɗaya. Mai yaɗon nan na kan hanyar shanu, da mai saurin fure da ke tsira a shekarar fari, ba mai shuka su, don ba su cika buhu. Sannan wanda aka noma na mai gona ne, da kuɗi za a saya. Bazawarar da ke tsinka kyauta ba ta cikin wannan lissafin.

Wani kuma zai ce ai akwai ma'ajiyar iri. Gaskiya ne, kuma a garin nan namu suke. Cibiyar IITA da ke kan hanyar Oyo tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a ɗakunan sanyi, ga kuma ma'ajiyar iri ta ƙasa a Moor Plantation. Aiki ne babba, kuma dalilin yinsa shi ne dalilin da nake faɗa: masana sun san ranar da wata cuta ko fari zai zo, maganin yana iya kasancewa a jikin wani iri da ba wanda ya kula da shi. Amma irin da ke cikin sanyi a tsaye yake inda aka ajiye shi. Na saura kuwa kowace damina ana gwada shi, ruwa ya yi gardama, ƙwari su zo, wanda ya jure ya bar baya. Kuma Goggo ba za ta aiki yara ɗakin sanyi su tsinko mata na miyar dare ba.

Akwai wani gefen da nake jin nauyin kawowa, don kada a ce zaman birni ya sa na zama Bature. Duk maganar da na yi zuwa nan ta amfani ce, miya da magani da kuɗi. Mu Hausawa haka muke da tsiro, da aikinsa muke saninsa, wanda ba ya aiki kuma sunansa ciyawa. Ban taɓa jin wani a garinmu ya ce a zo a ga furen karkashi ba. Amma ina tuna wata safiya ina yaro, an aike ni kai wa Baba fura, na ratsa ta wata saura da ta cika da shi, raɓa ba ta bushe ba, furanni sun buɗe, wani ruwan hoda wani fari-fari wani shunayya, ƙudan zuma suna shiga suna fita har ana jin ƙuginsu. Na tsaya har fura ta fara tsami, na sha faɗa. Filin nan ba don ni aka ƙawata shi ba, ranar da ban bi ta wurin ba ma haka yake. An koya mana cewa ba a halicci komai a banza ba, kuma ban ga inda aka ce amfanin kowace halitta sai ya biyo ta tukunyarmu ba. Ko da za a ƙirƙiro garin da ya fi karkashi yauƙi a kamfani, ina ganin da sauran magana a kan ko muna da ikon shafe shi daga ƙasar da muka tarar da shi a ciki, don kawai bai cikin abin da muka shuka.

Na sake kiran Yaya ranar Juma'a. Wannan karon ban je da wa'azi ba. Na ce masa ya ci gaba da feshinsa a cikin gona, amma ya bar gefen iyaka ta gabas da gindin kukar nan, kada magani ya taɓa, ni zan biya wanda zai nome wurin da hannu, a kuma gaya masa abin da zai tsallake. Ya ce, "Taku nawa?" Na ce biyar. Ya ce ina, biyar ai kunya huɗu ke nan, a gero dami nawa ne? Muka yi ta ja har muka tsaya a uku. Ya ce kuma in sani, in maƙwabcinsa ya yi feshi da iska, ba ruwansa. Na ce na ji, zan kira maƙwabcin, ai tare muka yi makarantar allo.

Goggo kuwa da ta ji, cewa ta yi ko an bar wurin ba lallai ya fito ba, an daɗe ana kashewa. Ashe tana da iri a ƙulle a tsumma cikin tsohuwar ƙwarya, wanda ta riƙa tarawa duk inda ta gani, na bakin burtali, na bayan maƙabarta, na wata saura a hanyar kasuwa, duk a gauraye. Na ce ta ware mini mai kyan ciki in gwada a gwangwani a nan, 'yar auta ta ga furen da idonta. Ta ce ita ba ta ware ba, ba kuma za ta ware ba, za ta dai ɗebo mini yadda yake. Yaya ya karɓe wayar ya ce in turo kuɗin mai noman tun kafin ruwa ya sauka, don in damina ta kama ba a samun kowa.